Masu Dafa Dutse: Batirin Litiyom da Mutanen da Suka Ƙago Shi

Ran 9 ga watan Oktoba na shekara ta 2019, majalisar masana ta ƙasar Suwidin ta ba da sanarwar cewa kyautar Nobel ta fannin ilmin sinadarai ta faɗa wa mutum uku: John Goodenough na Amurka, da Stanley Whittingham, haifaffen Ingila mazaunin Amurka, da Akira Yoshino na Japan. Abin da aka yi musu tukuici a kansa shi ne batirin litiyom, watau ɗan rumbun wutar nan da ke cikin wayar salula, da kwamfuta ta hannu, da fitilar da ake shanyawa a rana domin ta haskaka ɗaki da dare. A ranar, Goodenough yana da shekara 97 da haihuwa, ba a kuwa taɓa ba wanda ya kai shi tsufa wannan kyauta ba. Aikin da aka yaba masa tun shekara ta 1980 ya yi shi. Shekara 39 ke nan tsakanin shuka da girbi.

Tun daga lokacin, zancen batir ya fita daga ɗakunan bincike ya shiga fadar shugabanni. A shekara ta 2024 kaɗai an sayar da motoci masu aiki da lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, watau kamar mota ɗaya cikin kowace biyar da aka saya sabuwa. Ƙasashen Afirka ma sun shiga sahu, sai dai galibin maganar da ake yi a wannan nahiya ta dutse ce: wa ke da litiyom a ƙarƙashin ƙasarsa, wa ke da kobal, nawa ake sayen tan guda. Tambayoyi ne masu amfani. Amma wanda ya bi tarihin batirin nan daga tushe zai tarar ba a bakin ramin haƙo ma'adini ya samu ba, kuma ba masu ramin ne suka kwashi riba mafi tsoka ba. Ya samu ne a hannun waɗansu ƴan tsirarun mutane da aka yi shekara da shekaru ana biyansu albashi suna niƙa duwatsu, suna gasawa, suna aunawa, alhali babu wanda ya san ranar da aikin zai haifi ɗa mai ido.

ABIN DA KE CIKIN BATIR

Mutanen ƙasar nan ba baƙin batir ba ne. Pil ɗin rediyo da na tocila, wanda ake saye a tebur, jikan wanda Bafaranshe Georges Leclanché ya ƙago ne a 1866. Batirin mota mai dalma da ruwa mai ƙuna, shi kuwa Gaston Planté ya haɗa shi a 1859. Kowannensu da aibinsa: pil in ya mutu sai jefarwa, batirin mota kuma ana iya sake cika shi, amma nauyinsa ya fi wutar da yake riƙewa nesa ba kusa ba.

Kowane batir, ƙarami ko babba, abu uku ne: kai biyu, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, sai wani ruwa ko danƙo a tsakaninsu. A batirin litiyom, ƙwayoyin litiyom ne, waɗanda ido ba ya gani, ke kai da komowa tsakanin kawunan biyu kamar fatake tsakanin kasuwa biyu. In ana cika batir, sai su ƙaura zuwa kan ɗebewa su sauka. In an kunna na'ura, sai su juyo, juyowar tasu ce kuwa ke tura wuta. An zaɓi litiyom domin shi ne mafi rashin nauyi cikin dukan ƙarafa, har yana iya tasowa a kan ruwa. Sai dai yana da zafin rai, ba ya jituwa da ruwa ko iska mai laima, kuma abu kaɗan ke sa shi kama wuta. Saboda haka duk wahalar masu bincike a kan masauki take: a sami wani abu mai hawa-hawa a cikinsa, wanda ƙwayoyin nan za su shiga su fita sau ɗari, sau dubu, ba tare da ginin ya rushe ba. Irin wannan abu ba a tsintarsa a daji. Haɗa shi ake yi, a gauraya garin ma'adinai bisa awo, a gasa a tanderu mai zafin digiri ɗaruruwa, a duba yadda ƙwayoyinsa suka jeru, in bai yi ba a sake. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A wannan sana'a maganar ba karin magana ba ce, aikin yini ne.

DAGA KAMFANIN MAI ZUWA KAMFANIN REDIYO

Abin mamaki, kamfanin man fetur ne ya fara zuba kuɗi. A 1972 kamfanin Exxon na Amurka ya ɗauki Whittingham aiki, yana saurayi ɗan shekara 30 da ƴan kai, bayan ya yi digirin dokta a Oksfod. Manyan kamfanin suna tsoron ranar da mai zai ƙare, tashin farashin mai na 1973 kuma ya ƙara musu tsoro. Whittingham ya sami masaukin farko, wani haɗin titaniyom da farar wuta, ya yi batir mai ba da bolt 2 da ɗoriya. Amma ɗaya kan nasa zallar ƙarfen litiyom ne, shi ya sa gobara ta yi ta tashi a ɗakin gwaji. Da farashin mai ya sauko a farkon shekarun 1980, Exxon ya janye hannu.

Labarin Goodenough ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa yadda mutane ke zaton masu ƙirƙira. Yana yaro karatu ya yi masa wuya ainun. Ya yi aikin duba yanayin sama a rundunar sojan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, sai bayan yaƙi ya shiga ilmin fizik a Shikago, ya gama dokta a 1952 yana ɗan shekara 30. Daga nan ya yi shekara 24 a wani ɗakin bincike na makarantar MIT, yana nazarin yadda ƙarafa ke haɗuwa da iskar oksijin, aikin da ya taimaka wajen ƙera ma'ajiyar kwamfuta ta farko. Ba batir yake nema ba. Sai a 1976, yana da shekara 54, ya koma Oksfod ya shugabanci sashen sinadarai, ya ɗauko sanin nan na shekara 24 ya ɗora a kan matsalar Whittingham. A 1980, tare da mataimakansa, cikinsu har da Koichi Mizushima na Japan, ya nuna cewa haɗin litiyom da kobal da oksijin yana ba da bolt 4, kusan ninkin na farko.

Jami'ar Oksfod ba ta ga dalilin kashe kuɗi wajen yi wa wannan ƙirƙira takardar mallaka ba. Goodenough ya miƙa haƙƙin ga wata cibiyar binciken gwamnati da ke Harwel, ita ce daga baya ta karɓi kuɗin lasisi daga masu masana'antu, shi kuwa bai sami ko anini ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ya ga shekarun ritayar dole sun gabato a Ingila, sai ya koma jami'ar Tekzas a 1986. A can, a 1997, shi da ɗalibansa suka bayyana wani sabon haɗi na litiyom da baƙin ƙarfe da fosfat, wanda za a sake ambata a gaba. Ya rasu a watan Yuni na 2023, saura wata guda ya cika shekara 101.

Akwai ƴan Afirka biyu a cikin wannan tarihi, ba a kuwa cika ambatonsu ba. Na farko Rachid Yazami, haifaffen birnin Fas na Maroko a 1953. Yana ɗalibi a Girenobul ta Faransa, a 1980, ya nuna cewa litiyom na iya shiga cikin girafit ya fita, watau baƙin nan da ke cikin fensir. Girafit ɗin nan shi ne ya zama kan ɗebewa na mafi yawan batiran litiyom da aka ƙera daga baya. A 2014 Yazami ya raba babbar kyautar injiniyoyi ta Draper da Goodenough da Yoshino da Yoshio Nishi na kamfanin Sony, amma da aka zo Nobel, wadda ba a raba wa fiye da mutum uku, sunansa bai fito ba. Na biyu Michael Thackeray na Afirka ta Kudu, wanda ya bar Piretoriya ya je wurin Goodenough a 1981, suka gano masauki na manganis mai arha. A 1994 ya koma cibiyar Argon ta Amurka. Yazami ya yi aikinsa a Faransa da Amurka da Singafo. Afirka ta haifi mutanen, waɗansu ƙasashe suka ba su tanderu da ma'auni, ribar kuma ta bi tanderun.

Wanda ya haɗa gutsattsarin wuri ɗaya shi ne Yoshino, ma'aikacin kamfanin Asahi Kasei tun 1972, wanda ko digirin dokta bai yi ba sai a 2005. A 1985 ya ɗauki haɗin kobal na Goodenough ya haɗa da wani irin gawayi da ake samu daga tukar man fetur, ya fid da zallar ƙarfen litiyom daga cikin batir ɗungum. Da aka gwada shi ta hanyar sako masa ƙaton ƙarfe a ka, bai fashe ba. A 1991 kamfanin Sony ya kai batirin kasuwa. Daga shigar Whittingham Exxon zuwa wannan rana shekara 19 ne, aikin kuma ya ratsa Amurka da Ingila da Faransa da Japan.

Abin lura a nan shi ne, Amurka da Ingila sun yi ƙirƙira, amma Japan ta yi masana'anta. Exxon ya gaji da jira, Oksfod ba ta gane abin da ke hannunta ba. Kamfanonin Japan kuwa suna da bukata ta zahiri, domin kyamarorinsu da wayoyinsu na neman batir mara nauyi, kuma suna da al'adar riƙe mai bincike shekara 20 ko 30 a kan aiki guda. Sani kaɗai bai wadatar ba ke nan, sai an sami mai bukata a kusa, da mai kuɗin da ba ya gaggawa.

SIN TA ZO DAGA BAYA

Ƙasar Sin ba ta cikin masu Nobel ɗin 2019, amma a 2024 fiye da kashi uku cikin huɗu na batiran da aka sayar a duniya can aka ƙera su. Manyan kamfanoninta biyu kuwa masu bincike ne suka kafa su. Wang Chuanfu ɗan talakawan ƙauye ne, ya tashi maraya, wansa ya riƙe shi har ya karanta ilmin ƙarafa. Ya yi aiki a wata cibiyar binciken gwamnati a Bejin kafin ya kafa BYD a 1995. Zeng Yuqun, mai digirin dokta a fizik, shi ya kafa CATL a 2011, kamfanin da a 2024 ya riƙe fiye da sulusin kasuwar batirin mota ta duniya. Tun 2009 gwamnatin ƙasar ta shiga ba da tallafi ga motocin lantarki, ta sa biranenta sayen bas-bas masu batir, domin masana'antu su sami kasuwar da za su koyi aiki a cikinta.

Haɗin baƙin ƙarfe da fosfat na 1997, wanda Turawa suka raina saboda ba ya riƙe wuta da yawa, shi Sinawa suka runguma. Ba ya bukatar kobal ko nikel, ba ya saurin kama wuta, yana da tsawon rai. Suka yi ta gyara shi har a 2024 ya kai kusan rabin batiran motocin lantarki na duniya. Farashi kuma ya yi ta faɗuwa: wani nazari na masanan MIT ya nuna daga 1991 zuwa 2018 kuɗin batirin litiyom ya ragu da kashi 97 cikin 100, kuma a 2024 matsakaicin farashin kilowat-awa guda ya sauko dala 115.

Kada a ɗauka kuɗi kaɗai ke yin wannan aiki. Kamfanin Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa buri, ya tara fiye da dala miliyar 10, amma ya kasa fid da batir mai kyau da yawan da ya yi alkawari, har ya karye a watan Maris na 2025. Gina masana'anta abu ne mai sauƙi a kan samun dubban injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata da suka san dalilin da ya sa ƙura ƙwaya guda ke ɓata batir.

DUTSE DA ROMONSA

A gefen Afirka, kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Kwango ta Kinshasa yake fitowa, amma galibinsa a Sin ake tace shi. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyom a watan Disamba na 2022. Kwango da Zambiya sun sa hannu a kan yarjejeniyar haɗa kayan batir a 2022. Nijeriya ta buɗe masana'antar gyaran dutsen litiyom a jihar Nasarawa a 2024, a ƙarshen wannan shekara kuma Mali ta buɗe mahaƙar Gulamina. Maroko, mai ɗimbin fosfat da masana'antun haɗa motoci, ita ce ta fi matsawa gaba, domin a 2024 ta ƙulla da kamfanin Gotion na Sin a kan gina masana'antar batir a Kenitra.

Duk waɗannan matakai ne na neman kada a sayar da dutse ɗanye, kuma suna kan hanya. Sai dai wanke dutse da niƙa shi matakin farko ne cikin matakai masu yawa, kuma shi ne mafi ƙarancin riba. Ga kuma halin kasuwa: farashin litiyom ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, kafin ƙarshen 2024 ya zube da fiye da kashi 80 cikin 100. Ma'aikatan gwamnatin Nijar da suka manyanta ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Sun ga yadda kuɗin uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya cika baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, sun kuma ga yadda faɗuwar farashi a farkon shekarun 1980 ta tsai da gine-gine ta kawo tsuke bakin aljihu. Ban da faɗuwar farashi, mai dutse yana da wani abin tsoro: mai bincike na iya sauya haɗi ya daina bukatar dutsen nasa. Abin da haɗin baƙin ƙarfe da fosfat ya yi wa kobal ke nan.

INDA NIJAR TA SHIGO

Nijar ba ta cikin masu ƙera batir, amma tana cikin waɗanda suka fi kowa bukatarsa. Wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wutar lantarki. Tun 1976 Yamai ke shan wutar da ake jawowa daga Nijeriya, kuma da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, har zuwa farkon 2024, kowa ya ga abin da dogaro da maƙwabci ke jawowa. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, ta fara aiki a 2018, ta Gorubanda mai megawat 30 kuma a 2023. Amma rana da rana take ba da wuta, alhali bukatar gida takan ƙaru ne bayan magariba. Manomin da ba shi da rumbu, ko ya yi damina mai albarka, da bazara sai ya sayi hatsi. Asibitin ƙauye mai firjin allurar rigakafi, da famfon burtsatse, da turken wayar salula a daji, dukansu a kan batir suke kwana.

Ƙasar nan kuwa ta taɓa samun irin mutumin da ake magana. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya ci jarrabawar agiregasiyon ta fizik a Faransa a 1956, ya yi nazarin ƙarfin rana a Tarayyar Sobiyet, ya shugabanci ɗakin binciken rana na Bamako, sa'an nan ya komo gida a 1969 ya riƙe ofishin ONERSOL har 1985. A ƙarƙashinsa an ƙera tukwanen ɗumama ruwa, da murhun rana, da na'urorin tace ruwa, a Yamai, da hannun ƴan ƙasa. A wancan zamani har talabijin ɗin makarantun ƙauye an kunna da faranti mai zuƙo hasken rana. Ya rasu a 1991, shekarar da Sony ya fitar da batirinsa, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Shi da Goodenough sun yi aiki a zamani guda, a kan matsala guda ta fuska biyu: ɗaya na neman girbe rana, ɗaya na neman rumbu. Bambancin shi ne, aikin Oksfod ya sami masana'antar da ta ɗauka ta kai shi kasuwa, na Yamai kuwa ya gamu da shekarun tsimi, lokacin da kuɗin bincike ke cikin abin da ake fara yankewa. A Legas, a 1980, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashensu domin kimiyya. An sake nanata alkawarin bayan shekara 20 da ɗoriya, abin da ke nuna ba a cika shi ba. Koriya ta Kudu tana kashe fiye da kashi 4.

Ba hikima ba ce a ce Nijar za ta yi takara da CATL. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a duba tambayoyin da masana'antun waje ba su da dalilin damuwa da su. Ta farko zafi. Akan auna ƙarfin batir da tsawon ransa a zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa a Tawa ko Damagaram yakan haura 40, balle cikin ɗakin kwano inda aka saba ajiye batir. Masu sana'ar sun san batirin dalma yakan yi asarar kusan rabin ransa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, na litiyom ma zafi na tsufar da shi. Takardar da ta ce batir zai yi shekara 10 ba don Madawa aka rubuta ta ba. Ofishin da zai sayi batiran miliyoyin sefa domin asibitoci ko makarantu, in ba shi da ɗakin gwaji na ƙasa da zai ce masa wannan iri ya jure, wancan bai jure ba, to da maganar mai sayarwa kaɗai zai yi aiki. Irin wannan ɗaki ba ya bukatar miliyar: na'urar cikawa da zuƙewa, da akwatin zafi, da ma'auni, da mutum biyar ko shida da aka bar su a kan aikin shekara 10 ba tare da an ɗauke su zuwa wani ofis ba. Sharaɗin ƙarshen nan ne mafi wuya a aikin gwamnati, inda sau da yawa ladan ƙwararre shi ne a raba shi da ɗakin gwaji a ba shi kujerar darekta.

Ta biyu ita ce gawar batir. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun mutu saboda gubar dalma, domin mutanen unguwar na fasa tsofaffin batiran mota suna tankaɗe ƙasar wurin don neman dalmar sayarwa. Duk garin da fitilun rana da batira suka yawaita, ba tare da tsarin tattara matattu ba, yana kan wannan hanya. Batirin litiyom ba shi da dalma, amma in an fasa shi ko an jefa a juji yana iya tayar da gobara, kuma cikinsa akwai tagulla da sauran ƙarafa masu daraja. Tattarawa, da rarrabewa, da gane wanda ke da sauran rai a sake amfani da shi, aiki ne na masu ilmin sinadarai da masu gyaran lantarki tare.

Akwai kuma sabon batirin sodiyom, wanda CATL ya nuna a 2021, kamfanin Tiamat na Faransa ma yake aiki a kansa tun 2017. Sodiyom shi ne ke cikin gishiri da kanwa, don haka da jin labarin sai hankali ya tafi Bilma. Ya kamata a yi hattara. Amfanin sodiyom shi ne yana ko'ina, har cikin ruwan teku, saboda haka babu ƙasar da za ta yi arziki da sayar da shi. Abin da ke da tsada shi ne masaukinsa, wani gawayi mai tauri da ake iya samu ta hanyar gasa ɓawon kwakwa ko sauran tarkacen tsiro a zafin da ya haura digiri 1,000. Ko ɓawon gyaɗa ko karan gero za su ba da gawayin da ya dace, tambaya ce da ɗalibin dokta zai iya ɗauka a Maraɗi ko Yamai, in da tanderu da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar gwaji. Haka nan fosfat ɗin yankin Tawa: kasancewarsa a ƙasa bai mai da shi kayan batir ba, sai an san yadda za a tsarkake shi, da abin da tsarkakewar za ta ci.

Makarantun da za su fid da irin waɗannan mutane suna nan: sashen kimiyya na jami'ar Abdu Mumuni, da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, da ta EMAIR a Agadas, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Abin da ke ƙaranci shi ne abin da ke biyo bayan takardar shaida. Yaron da ya ci bakaloreya ta kimiyya yana bukatar shekara 3 ya sami lisans, 2 ya sami masta, 3 ko 4 ya gama dokta, watau shekara 8 ko 9 kafin ya fara aikin kansa. Iyayen da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, suka sa ɗansu lakwal da guminsu, suna da haƙƙin tambayar abin da zai ci a cikin waɗannan shekaru, da kuma inda zai yi aiki bayansu. In amsar ita ce koyarwa a aji mai ɗalibi ɗaruruwa ba tare da ɗakin gwaji ba, to zai bi sawun Yazami, kuma babu mai ganin laifinsa.

Lissafin da ke gaban magabata mai sauƙi ne. Farantin rana da aka kafa yakan yi shekara 25 yana aiki, batirin da ke tare da shi kuwa, a zafin Sahel, sai an sauya shi fiye da sau ɗaya kafin farantin ya tsufa, in na dalma ne ma sau da yawa. Duk tashar ƙauye da aka buɗe da kiɗa da jawabi, an ɗauki alkawarin sayen batir ke nan har tsawon rubu'in ƙarni, da kuɗin waje. Ɗaliban da ke ajin ƙarshe na lise yanzu za su iya gama dokta kafin lokacin sauyi na biyu ya zo, in an ware musu kuɗin karatu da gurbin aiki a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.